Yadda Ake Gano Ko Ido Ne Ke Hana Yaro Karatu Ko Babba Aiki

Ɗan yayata yana da shekara tara muka gane da ido ɗaya yake karatu. Wasa muke yi, na sa tafin hannu na rufe masa idon dama, na ce ya faɗa mini ƙarfe nawa a agogon bango. Ya yi shiru, ya ture hannuna, ya ce, "Kawu, ai ba wannan ne idon ganin ba, ɗayan ne." Na ce tun yaushe? Ya ce ai da ma can haka yake, shi a zatonsa kowa da ido ɗaya yake gani sosai, ɗayan na rakiya ne. Shekara uku ana kiran yaron nan malalaci, ana cewa ba ya mai da hankali, kuma duk cikinmu babu wanda ya taɓa rufe masa ido ɗaya ya tambaye shi.

Wanda ya taso da gani dishi-dishi bai san akwai wani ganin da ya fi nasa ba, don haka ba zai kawo ƙara ba. Babba kuwa ganinsa a hankali yake raguwa, yana sabawa yana dabara, har ya kai ga yin kuskure a bakin aiki yana ɗora laifin a kan gajiya. Shi ya sa tambayar "kana gani?" ba ta da wani amfani. Aunawa ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2019, ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani na nesa ko na kusa, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu matsalar tasu da an iya hana ta, ko kuma tana da magani ba a dai yi ba. Mai yawa daga ciki tabarau kawai ke raba su da ita.

Abin da ke biye gwaji ne da uba, uwa, malamin aji ko shugaban ma'aikata zai iya yi cikin rabin sa'a, bayan mako guda na lura. Aikinsa ya nuna wa ya kamata a kai asibitin ido, da gaggawar da ta kamata, da abin da za a faɗa wa likita idan an je.

Mataki na 1: Kwana bakwai kana kallo, kana rubutawa

Kafin ka auna komai, ɗauki mako guda kana lura, ba tare da ka faɗa masa ba. A wajen yaro, duba ko yana ƙanƙance ido idan ya kalli allo, ko yana kwafa daga littafin na kusa da shi maimakon daga allon, ko yana kai littafi har dab da hanci. Duba ko yana karkata kai gefe guda, ko rufe ido ɗaya da hannu idan karatu ya yi nisa, ko tsallake layi, ko maimaita layin da ya riga ya karanta. Murza ido da hawaye da ciwon goshi su ma a rubuta su.

A wajen babba alamun sun ɗan bambanta: miƙa waya nesa kafin ya karanta saƙo, neman fitila mai ƙarfi don aikin da da can yake yi a inuwa, kasa zura zare a allura, rikita 3 da 8 ko 5 da 6 a lissafi, ƙin tuƙin dare saboda hasken motocin da ke tahowa yana kashe masa ido.

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne lokaci. Rubuta yaushe abin ke farawa. Ciwon kan da ba ya nan da safe, sai bayan minti 20 ko 30 na karatu, kuma yana lafawa ranar hutu, yana nuna ido da yatsa. Wannan 'yar takardar za ta yi wa likita amfani fiye da dogon labari.

Mataki na 2: Tanadi katin gwaji

Allon haruffan da ake gani a asibiti, mai babban harafi a sama suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa, wani likitan ido ɗan ƙasar Holan ne mai suna Herman Snellen ya fito da shi a 1862. Ana karanta shi daga nisan mita 6. Idan an rubuta wa mutum 6/6, ganinsa daidai ne. Idan an rubuta 6/12, ma'anarsa abin da lafiyayyen ido ke gani daga mita 12, shi sai ya matso mita 6. Haka 6/18 da 6/60: lambar ƙasa na girma, gani na raguwa.

In ka sami bugaggen allo, madalla, sai dai ka tabbata an buga shi a ainihin girmansa, domin na'urar buga takarda takan rage ko ta ƙara. In ba ka samu ba, zana naka da harafin E kawai, wanda ake juya ƙafafunsa sama, ƙasa, dama ko hagu. Ya ma fi dacewa da ƙaramin yaro da wanda bai yi karatu ba, tunda nuni kawai zai yi da yatsu. A farar takarda mai kauri, da baƙin alƙalami mai duhu sosai, zana E mai tsawo da faɗi daidai, kaurin kowace ƙafa da kowane tsakani ya zama kashi ɗaya cikin biyar na tsawon harafin. Ga girman da ake buƙata don nisan mita 6: milimita 87 don 6/60, milimita 26 don 6/18, milimita 17.5 don 6/12, milimita 13 don 6/9, da kusan milimita 9 don 6/6. Idan ɗakin bai kai mita 6 ba, raba kowane girma biyu ka yi gwajin daga mita 3.

Kada ka zana harafi ɗaya tilo a kati. Jera biyar a layi, tazarar da ke tsakaninsu ta kai faɗin harafi guda. Dalili kuwa, ragon ido, wato idon da ƙwaƙwalwa ta yi watsi da hotonsa tun yarinta, yakan iya gane harafi idan yana shi kaɗai, amma da an jera shi cikin 'yan'uwansa sai su cakuɗe masa, kuma a littafi ai a jere haruffa suke zuwa.

Mataki na 3: Auna ganin nesa, ido ɗaya bayan ɗaya

Manna katin a bango daidai tsayin idonsa, inda haske ke faɗa wa katin, ba inda yake shiga idon mai kallo ba. Auna nisan da tef, kada ka yi kirdado da taku. Fara nuna masa a kusa yadda ake yi, da ido biyu, har ya gane wasan. Sannan ya koma wurin tsayawa.

Rufe idon hagu da ɗan kwali ko kofin takarda, a gwada na dama. Kada a rufe da yatsu, yara gwanayen leƙe ne ta tsakaninsu, kuma ba don ha'inci suke yi ba, so suke su faranta maka. Kada kuma a danne idon, domin idon da aka danne yakan yi hazo na ɗan lokaci, sai ka zo gwada shi ka samu sakamakon ƙarya. Ka sa wani ya tsaya kusa da shi yana kallon fuskarsa: in ya sunkuyo gaba, ko ya ƙanƙance ido, ko ya juya kai don ɗaya idon ya leƙo, a sake. Fara daga manya zuwa ƙanana. Layin ƙarshe da ya ci huɗu cikin biyar shi ne ganinsa. Rubuta. Koma ɗaya idon, ka canza tsarin da kake nuna haruffan don kada ya karanta daga ka. Mai tabarau a gwada shi da tabaraunsa, tunda da su yake rayuwa.

Ga yadda za ka fassara. Ɗan makaranta ko babban da ya kasa 6/12 da kowane ido, a kai shi a duba. Wanda ya tsaya a 6/9 ko 6/12 kuma yana da alamun da ka rubuta a mako na farko, shi ma a kai shi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, kasa 6/12 ƙaramin rauni ne, kasa 6/18 matsakaici, kasa 6/60 mai tsanani, kasa 3/60 kuma makanta. Ƙasashe da yawa 6/12 suka sa a matsayin iyakar ba da lasin tuƙi, don haka direban da ya kasa wannan layin maganarsa ta wuce ta ciwon kai.

Sai bambanci tsakanin idon biyu. In ɗaya ya fi ɗaya da layi biyu ko fiye, ko da mai kyan ya ci 6/6, kada a yi sanya, musamman ga ƙaramin yaro. Ƙwaƙwalwa takan yi watsi da hoton idon da ba ya kawo mata abin kirki, ta dogara da ɗayan, har raunin ya zauna. Gyaran, wato tabarau da rufe ido mai kyau na wasu sa'o'i a rana don a tilasta wa ragon aiki, ya fi ci kafin shekara 7 ko 8. Bayan nan ana samun ci gaba, amma da wahala, kuma ba kasafai yake cika ba. Namu yaron a nan muka makara da shi.

Mataki na 4: Gwajin ƙaramar huda

Wannan gajere ne amma yana da daɗi. Huda kwali da allura mai ɗan kauri, ramin ya kai kamar milimita 1. Wanda ya kasa layi, ya leƙa katin ta ramin da idon da ya kasa. In haruffan suka fito tar, ya ƙara layi biyu ko uku, alama ce mai ƙarfi cewa tabarau ne maganinsa: ko dai idon mai ganin kusa ne kawai, ko mai wahala da kusa, ko kuma gabansa bai zagaye daidai ba, ya yi kamar bayan cokali, sai layuka su riƙa jirkicewa. In ramin bai ƙara komai ba, ko ya ƙara duhu, to a yi zaton wani abu daban, kamar yanar ido, ciwo a bayan ido ko ragon ido, kuma wannan ya fi buƙatar a hanzarta.

Mataki na 5: Ganin kusa, inda aka fi yin sakaci

Yawancin gwajin da ake yi wa ɗalibai da masu neman aiki a allon bango yake tsayawa. Yaro ya karanta layin ƙasa, a ce idonsa garau, a sallame shi. Alhali karatu da rubutu da ɗinki da aikin kwamfuta duk a tsawon hannu ake yin su. A ganina nan ne aka fi zaluntar yara.

Akwai yaron da idonsa ya ɗan gajarta daga gaba zuwa baya. Irin wannan, don ya ga abu sarai, sai tsokar cikin idonsa ta matse madubin ido, wato ɗan abin da ke cikin ido yana tattara haske, ko da nesa yake kallo, in ya dawo kan littafi kuma matsin ya ninku. Da yake yaro ne tsokar na da ƙarfi, zai ci allon bango tsaf. Zai ma karanta shafin farko lafiya. A shafi na uku ne rubutu zai fara rawa, goshi ya ɗau zafi, ya fara hamma da kalle-kalle, a ce ba ya son karatu. Don haka gwajin kusa na minti ɗaya bai isa ba.

Ba shi rubutu mai girman na jarida, a nisan santimita 40, cikin haske mai kyau. Ya karanta da kowane ido, sannan da biyun. Daga nan ka bar shi ya ci gaba da karatu a bayyane na minti 15, kai kuma kana sauraro. Abin da kake nema shi ne bambanci tsakanin farko da ƙarshe: saurin ya ragu? Kuskure ya ƙaru? Littafin ya matso fuska? Ya fara bin layi da yatsa bayan da farko ba ya yi? Ka tambaye shi kai tsaye, "Rubutun yana zama biyu? Yana motsi?" Yara ba sa faɗa sai an ba su kalmar.

Sai gwajin alƙalami. Riƙe shi a tsaye, tsawon hannu daga fuskarsa, ya kafa wa bakin ido, ka riƙa matso da shi a hankali zuwa karan hanci. Ya faɗa maka lokacin da ya zama biyu, kai kuma kana kallon idanunsa. Lafiyayyun idanu za su bi shi tare, suna haɗuwa ciki, har ya rage ƙasa da santimita 10. In tun a santimita 15 ko 20 ya rabu biyu, ko ka ga ido ɗaya ya saki ya koma waje, idanun ba sa haɗa kai a aikin kusa. Yi sau biyar a jere, domin wani sai a karo na huɗu gajiyar ke tona shi. Wannan matsala ana gyara ta da motsa jiki na ido da ƙwararre zai tsara, wani lokaci da tabarau na musamman.

Ga wanda ya haura 40 labarin daban ne. Madubin ido yana taurara da shekaru, ba ya lanƙwasuwa don kallon kusa, kuma wannan ba ya barin kowa. Yawanci ana farawa da tabarau mai ƙarfin kusan +1.00, a kai wajen +2.50 a kusan shekara 60. Kafin ya je a auna shi, ya ɗauki tef ya auna tazarar idonsa da abin aikinsa. Tela da mai gyaran waya a santimita 30 ko ƙasa suke aiki, mai kwamfuta a 50 zuwa 70. Tabaraun da aka yanka don littafi zai sa mai kwamfuta ya riƙa miƙa wuya gaba, ya tashi da ciwon kafaɗa bai san daga ina ba.

Mataki na 6: Karkatar ido

Haska ƙaramar tocila daga tsawon hannu, ya kalle ta. Ɗigon hasken ya kamata ya faɗa wuri iri ɗaya a baƙin idon biyu. Sannan ya kafa ido a kan wani ƙaramin abu, ka rufe ido ɗaya, kana kallon wanda ba ka rufe ba. In ya yi tsalle don ya kamo abin, da ma a karkace yake. Yi wa ɗayan haka. Karkatar da ta wuce watannin farko na jariri ba ta gyaruwa da girma, a kai shi.

Mataki na 7: Launi da gefen gani

Rashin bambance ja da kore gado ne da ke bi ta wajen uwa, ya fi kama maza nesa ba kusa ba: kusan 1 cikin 12 a mazan da asalinsu Arewacin Turai ne, ƙasa da haka a wasu al'ummu, mata kuwa kusan 1 cikin 200. Gwajin da aka fi sani shi ne littafin ɗige-ɗige masu launi da lamba a ɓoye, wanda Shinobu Ishihara na Japan ya wallafa a 1917. Na kan waya ba abin dogaro ba ne, tunda kowace fuskar waya da yadda take nuna launi. Ba shi da magani, amma gara a sani tun yaro yana ƙarami, kafin ya kashe shekaru yana burin tuƙin jirgin sama, jirgin ƙasa ko aikin wayoyin lantarki, inda ake tantance launi. Malami kuma ya daina rubuta ja a kan koren allo.

Gefen gani kuwa, ku zauna fuska da fuska, tazarar mita 1. Ya rufe idon dama, kai ka rufe na hagu, ya kalli idonka kada ya motsa nasa. Ɗaga yatsu ɗaya ko biyu a sama dama, sama hagu, ƙasa dama, ƙasa hagu, a tsakiyar tazarar da ke tsakaninku, ya ƙirga. Abin da kake gani ya kamata shi ma ya gani. Sai dai wannan babbar ɓarna kawai yake kamawa. Hawan jinin ido yana cin jijiyar gani daga gefe, ba zafi ba ja, mutum na cin 6/6 har abin ya yi nisa, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Duk wanda ya wuce 40, ko akwai ciwon a danginsa, a auna masa ƙarfin ruwan ido a duba jijiyar a asibiti, ko da ya ci duk gwajin nan. Mai ciwon suga kuma a duba masa bayan ido duk shekara.

Mataki na 8: Duba wurin, kafin ka ɗora wa ido laifi

Zauna a kujerarsa, a lokacin da yake zama. Sau da yawa za ka tarar hasken taga na faɗa wa allo yana ƙyalli, ko allon ya koɗe, ko fanka na hura wa ma'aikaci iska kai tsaye a fuska. Mai kallon kwamfuta ƙiftawarsa na raguwa sosai, ido ya bushe, ya riƙa jin kamar yashi, gani ya yi hazo ya washe da ya ƙifta. Saman fuskar kwamfuta ya yi daidai da ido ko ya ɗan yi ƙasa, kuma duk minti 20 ya ɗaga kai ya kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Yara kuma su sami kamar sa'a 2 a waje cikin hasken rana kullum, yana rage yiwuwar idonsu ya koma mai ganin kusa kawai. Gyara waɗannan, ka sake lura na mako biyu.

Abin da ba ya jiran gwaji

Gani ya ɗauke farat ɗaya. Walƙiya da baƙaƙen ɗige-ɗige da suka bayyana kwatsam, ko wani abu kamar labule ya sauko ta gefe. Ido ya yi ja da zafi mai tsanani tare da amai ko ganin zobe kewaye da fitila. Ganin abu biyu da ya fara yau. Fari a tsakiyar baƙin idon yaro, ko da a hoto aka lura da shi. Waɗannan asibiti ake nufa a ranar. In sinadari ne ya fantsama, a fara wanke idon da ruwa mai tsabta yana kwarara na aƙalla minti 15 kafin a kama hanya. Kada a ɗiga maganin da aka rubuta wa wani, domin wasu magungunan jan ido suna ɗaga ƙarfin ruwan ido in aka daɗe a kansu.

Ranar zuwa asibiti

Tafi da takardar da ka rubuta, da sakamakon kowane ido, da tsohon tabarau, da sunayen magungunan da yake sha, da awon nisan aikinsa. In yaro ne, tambayi likita, "Likita, za a ɗiga masa maganin da ke sassauta tsokar ido kafin awo?" Ba tare da shi ba, tsokar nan mai ƙarfi tana iya ɓoye ainihin matsalar a gaban na'ura kamar yadda ta ɓoye ta a gaban allo. Maganin zai sa ganin kusa ya yi hazo, haske ya dame shi na kusan yini guda ko fiye, don haka kada a sa ranar dab da jarrabawa, babba kuma kada ya zo da niyyar tuƙa kansa gida.

Bayan an karɓo tabarau, a ba shi mako biyu ya saba, sannan ka maimaita mataki na 3 da na 5 da tabaraun a fuskarsa, ka kwatanta da lambobin farko. Ka kuma tambayi malamin aji ko yana sa su a can, domin da yawa a jaka suke yini saboda tsokanar abokai. In gani ya gyaru amma bayan wata biyu ko uku karatun na nan inda yake, yana rikita sautin haruffa, yana kasa haɗa su su zama kalma, to a gwada jinsa, a kuma nemi masanin matsalolin koyon karatu ya duba shi, domin wannan daga yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sauti da rubutu yake, kuma canza tabarau sau uku ba zai taɓa shi ba.